Hannun Likita Bayan Azahar

Shekara ashirin da bakwai Sista ta yi tana tsayuwa a hagun kujerar duba haƙori, har kafaɗarta ɗaya ta sauka ƙasa da 'yar'uwarta ta ƙi komawa. Telan da ke mata ɗinki ya yi mita ya gaji, yanzu rage hannu ɗaya kawai yake yi ya miƙo mata kayanta. Kowa Sista yake ce mata, a asibiti da unguwa, har 'ya'yan da ta haifa idan suna neman faɗa. Ba ta cika kallon fuskar mutum ba, bakinsa take kallo. Ranar da mai neman babbar 'yarta ya zo gaisuwa, bawan Allah ya yi murmushin ladabi, ita kuwa ta ce masa haƙorinsa na baya na dama ya fara rami, ya same ta ranar Talata. Maigidanta, wanda sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga, har gobe yana ba da wannan labari yana dariya har da tari.

Ba da farar riga ta shiga asibitin ba. Shara ta zo yi tana da shekara ashirin da biyu, da goyo a bayanta, lokacin asibitin ɗaki biyu ne kacal a saman wani shagon fenti. Likita, mai asibitin, ya lura idan ta wanke kayan aiki ba ta zube su a faranti haka kawai, jera su take yi bi da bi yadda ta ga hannunsa yana ɗauka. Bai yaba mata ba, don shi ba mai yabo ba ne, mutum ne da gaisuwarsa ma a taƙaice take. Sai dai wata rana ya ɗora mata takardar makaranta a kan murfin bokitin shara, ya ce ta cike, shi zai ɗauki nauyi. Ta yi shekara biyu tana karatu, ta dawo aka fara ce mata Sista. Tun daga nan ba ta ƙara jin ya ce a miƙo masa wani abu ba, kafin ya buɗe tafin hannu abin da yake so yana ciki. Da za a ce ta zaɓa tsakanin mutumin nan da 'yan'uwanta na jini, wallahi sai ta tsaya tunani.

Littafin alƙawari ma a hannunta yake, wani babba mai baƙin bango, da fensir ɗaure da zare a jikinsa. Duk wanda zai ga Likita, ita ke faɗa masa rana da lokaci.

Shekara huɗu ke nan da ta fara jin abin. Da kunne ta fara kama shi. Wajen ƙarfe biyu na rana, suna duba wani mai gadi, sai ta ji ɗan madubin da Likita ke sawa a baki yana bugun haƙorin mutumin, kas-kas-kas, a hankali kamar cokali a bakin kofi. Ta saci kallon hannun, ta ga yana rawa. Ta ce a ranta yunwa ce, ta haɗa masa shayi mai kauri. Washegari da safe hannun ƙalau, ya yi aikin jijiyar haƙori tsaf babu ko gargada. Bayan azahar rawar ta dawo. Ta yi wata guda tana lura ba ta ce uffan ba, har ta haddace abin: daga buɗe ƙofa zuwa sha ɗaya hannun nan na saurayi ne, daga sha biyu yake fara gardama, kafin la'asar ya fi ƙarfin mai shi.

Ta san abin da hakan ke nufi. Likitan haƙori da hannu yake ci. Injin da ake kankare haƙori da shi yana juyawa da gudun da ido ba ya gani, kuma tsakaninsa da harshen mutum bai kai faɗin yatsa ba. Idan maganar ta fita za a raba Likita da kayan aikinsa, shi kuwa tun rasuwar matarsa ba shi da abin da ke tashinsa da safe sai kujerar nan. Idan kuma ba ta fita ba, wata rana wani zai ji ciwo. Ta san duka biyun sarai, kada wani ya ce ba ta sani ba. Amma ta yaya mai sharar jiya za ta dubi idon wanda ya sa mata farar riga ta ce masa hannunka ya ƙare? Ina!

Sai ta koma kan littafi. Duk aikin da ke da haɗari, aikin jijiya ne, cire haƙorin tauna ne, cikon ramin haƙori ne a can ƙuryar baki kusa da harshe, ta tura shi safiya. Yamma kuwa ta cika ta da masu zuwa a duba kawai, da masu ɗaukar hoton haƙori, da masu gwada haƙoran roba, da tsofaffin da rabin abin da ke kawo su hira ce. A gefen kowane suna tana ɗiga fensir, ɗigo ɗaya aikin yamma, ɗigo biyu aikin safe. Mutum ya roƙi a ba shi yamma don yana zuwa aiki, ta dubi shafin da ke fayau ta ce masa ya cika. Ta sha zagi a kan haka, an ce mata mai baƙin hali, an ce ta mayar da asibitin na ubanta. Idan kuma ciwo ya kawo wani afujajan da rana, ba yadda za a yi, sai ta riƙe bututun tsotse yawu ta yadda wuyan hannunta zai shiga ƙarƙashin nasa ya tokare shi. Shi yana aiki, ita tana ɗauke da rawar a ƙashinta. Bai taɓa ɗaga kai ya dube ta ba, ita ma ba ta taɓa dubansa ba. A haka suka ci shekara huɗu ba wanda ya ji ko ƙwarzane, har ta fara ganin kamar ta yi wa ƙaddara wayo.

Sai autar Likita ta gama nata karatun haƙorin, ta yi 'yan shekaru a wani babban asibiti, ta dawo ta kama aiki da ubanta. Sista ce ta yi mata kitson shiga firamare, amma yanzu Ƙaramar Likita take ce mata, ita kuma tana ce mata Anti. Yarinyar ta dubi asibitin da idon wanda ya ga wasu wurare, abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Katunan marasa lafiya sun cika durowa uku, neman guda ɗaya sai an yi gumi. Safiya mutane cunkus har kan matakala, yamma kuwa kujera tana hamma. Wasu a ba su rana su manta, wasu su zo a ranar da ba tasu ba su tayar da jijiyar wuya. Ta ce a'a, haka ba zai yiwu ba, ta ɗauko wani mai ba asibitoci shawara kan yadda ake tafiyar da aiki.

Mutumin ya zo da kwamfuta a hammata da manhajar da ya ce za ta riƙe asibitin gaba ɗaya. Kwana biyu bai yi ba ma'aikata suka raɗa masa Minti Ashirin, don duk abin da aka tambaye shi, ciko ne ko wankin haƙori, sai ya ce ai wannan minti ashirin ne. Gaskiya dai mutumin ba mugu ba ne, kuma ba wawa ba ne. Ya tara su a ɗakin jira ya ce daga yau kowane mara lafiya da shafinsa, hoton haƙorinsa yana manne da sunansa. Manhaja za ta aika wa mutum saƙon tuni kwana biyu kafin ranarsa. Auduga ko allurar kashe zafi ta kusa ƙarewa, allon zai yi ja. Kowa zai iya zaɓar lokacinsa daga wayarsa yana gida, duk gurbin da ya gani a buɗe nasa ne. Kowane ma'aikaci da lambar sirrinsa, don a san wa ya taɓa me. Nas-nas kuma za a riƙa juya su tsakanin ɗakuna, kada a ce wance ta wane ce. Ya ce babban abin da ke kashe ƙananan asibitoci shi ne aiki ya zauna a kan mutum ɗaya, ranar da mutumin ya kwanta ciwo asibiti ya kwanta tare da shi. Da ya faɗi haka kowa ya juyo ya dubi Sista, aka yi dariya, ita ma ta yi yaƙe.

Ya zauna da ita kwana uku suna kwashe littafin zuwa cikin kwamfuta. Ya tambaye ta mene ne waɗannan ɗige-ɗigen na gefen suna. Ta ce ba komai, gwajin bakin fensir ne. Ya ce to, ya bar su a littafin.

Abin haushin, manhajar ta yi aiki. Kati ya daina ɓata, faɗan layi ya mutu, matakala ta sarara. Har Sista sai da ta yarda neman hoton haƙori yanzu bai kai ƙiftawar ido ba. Amma ranar Litinin ta farko da ta buɗe allon ta ga jadawalin Likita, sai da ta sake karanta shi. Cire haƙorin tauna ƙarfe biyu da rabi. Aikin jijiya ƙarfe uku da minti ashirin. Mutanen da ta yi shekara huɗu tana hana su yamma sun ga yamma a buɗe a wayoyinsu, sun yi mata caa.

Matar da ko saƙon waya sai 'ya'yanta sun rubuta mata, ta dage ta koyi manhajar nan cikin mako guda, har Minti Ashirin yana nuna ta a matsayin abin koyi. Ta koyi yadda ake jan suna daga wani gurbi zuwa wani. Kullum sai ta riga kowa zuwa, ta zauna ta yi ta ja, sannan ta bi mutane da waya tana ba su haƙuri, an samu canji, su daure su zo da safe. Wasu su yarda, wasu su gaya mata baƙar magana, wasu su kira Ƙaramar Likita su kai ƙara. Abin da ba ta kawo a ranta ba shi ne fensir ana goge shi, kwamfuta kuwa ba ta mantuwa. Ƙarshen wata na biyu Minti Ashirin ya fito da rahoto, ga shi nan ɓaro-ɓaro, an sauya alƙawari ɗari da arba'in da uku, duk da lambar Sista.

Ƙaramar Likita ta kira ta ofis ta rufe ƙofa. Cikin ladabi ta yi maganar, tana murza biro, ba ta iya haɗa ido da ita. Ta ce ta san Anti tana da mutanenta na shekara da shekaru, kuma ba laifi ba ne mutum ya so yi wa nasa gata, amma tsarin nan na kowa ne. Ta tambaye ta ko akwai wani dalili da ita ba ta sani ba. Ga ƙofa an buɗe mata har bango. Sista ta dubi yarinyar nan mai goshin ubanta. Ta ce babu, son kai ne irin na tsufa, a yi haƙuri. Ta gwammace a ce mata mai son kai da a ce Likita ya tashi aiki. A ranar aka cire wa lambarta ikon taɓa jadawali. Sabon tsarin juyi kuma ya sa ta ɗakin Ƙaramar Likita duk Talata da Alhamis, ɗakin Likita aka ba Doguwa, wata nas da aka ɗauko daga babban asibiti, ƙwararriya mai shekara goma sha biyar a aiki, wadda ba ta san komai game da wuyan hannun kowa ba.

Ranar Lahadi da hantsi Sista ta samu maigidanta a ƙofar shagonsa ya baje cikin wata fanka a kan buhu. Shi kaɗai ne ya san zancen, shi ma sai a bara ta faɗa masa. Ya saurare ta bai daina kwance ƙusa ba, sannan ya ce shi fa a sana'arsa idan fanka ta fara girgiza sauke ta ake yi, ba a tsayawa ƙarƙashinta a riƙe. Ta ce Likita ba fanka ba ne. Ya ce ya sani, shi ya sa ma ya fi haɗari.

"Ki faɗa wa yarinyar nan, Sista. 'Yarsa ce, ba baƙuwa ba."

"Baban yara, da wane bakin? In na faɗa, ni na kashe shi."

Ya ce to ta zauna tana jira wani ya mutu a madadinsa. Ta tashi fuu ta shige gida, ranar ko abincin rana ba su ci tare ba.

Litinin ta buɗe allon, tana iya gani amma ba ta iya taɓawa. A jadawalin Alhamis, ƙarfe uku da minti ashirin, ɗakin Likita, ta ga sunan Malama. Malama tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare, shekara goma sha biyu tana zuwa asibitin, mace mai surutu da dariya, wadda ko an sa mata auduga a baki sai ta nemi ƙarasa labari. Ciko za a yi mata a haƙorin tauna na ƙasa, na can ƙarshe, ta gefen harshe. A littafin Sista wannan ɗigo biyu ne, har da ja masa layi.

Ta fita bayan asibitin ta kira Malama da wayarta ta kanta. Ta ce Malama ta daure ta dawo da shi safiya. Malama ta kwashe da dariya, ta ce haba Sista, shekara huɗu tana roƙon a ba ta yamma ana ce mata babu, kullum sai ta bar yara da wani malami ta zo, yanzu Allah ya kawo na'urar da ba ta san son kai ba kuma a ce ta mayar? Ga shi makon jarrabawa ne, safiya ko motsi ba ta iya yi. Ta tambaya ko akwai matsala ne. Sista ta ce babu, kawai dai safiya ta fi sanyi. Malama ta ce ita zafi bai dame ta ba, sai Alhamis.

Kwana uku gare ta. Talata ta tsaya a ƙofar ofishin Ƙaramar Likita har ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta ji muryar Likita a ciki yana ba 'yar tasa labarin wani aiki mai wuya da ya yi da safe, yana dariya, shi da dariyarsa sai an yi wata ba a ji ba. Ta sauke hannun. Laraba ta roƙi Doguwa su yi musayar ɗaki gobe, Doguwa ta ce ita ba ta ƙi ba, amma an hana sai da izini, kuma ita sabuwa ce ba ta son abin da zai ɓata mata suna. Sista ta nemi izinin, aka ce Anti ta yi haƙuri, in aka fara karya tsari tun yanzu ba zai zauna ba. Ta gaya wa kanta ai ciko ne kawai, minti ashirin. Ta gaya wa kanta wataƙila gobe hannun ya yi kirki. Har addu'a ta yi Allah ya sa a ɗauke wuta inji ya ƙi tashi.

Alhamis wuta ba ta ko ƙifta ba. Ƙarfe uku da rabi tana ɗaki na biyu, tana riƙe da bututu a bakin wani dattijo da Ƙaramar Likita ke cire wa saiwar haƙori. Bangon da ke tsakanin ɗakunan katako ne, ana jin komai. Ta ji muryar Malama tana zuba, ta ji ta yi shiru an sa allura, ta ji injin ya tashi. Ta san kukan injin nan kamar yadda uwa ta san tarin ɗanta. Idan hannu a tsaye yake, ƙarar a miƙe take. Wannan kuwa tana hawa tana sauka, tana yankewa tana dawowa. Taku shida ne tsakaninta da waccan kujerar. Ƙaramar Likita ta ce, Anti, tsotse nan, jini ya rufe min. Ta tsotse. Tana cikin tsotsewar ta ji ƙarar injin ta canza, ta zama ta abin da ya bar ƙashi ya shiga nama, sannan ta ji faranti ya faɗi.

Ko da suka shiga, Doguwa ta danne bakin Malama da auduga, audugar ta riga ta jiƙe. Likita yana tsaye jikin bango, injin yana reto a igiyarsa, ya riƙe hannun damansa da na hagu yana kallonsa. Injin ya zame ya yanki gefen harshe ya gangara ƙarƙashinsa. Ƙaramar Likita ce ta yi ɗinkin, guda bakwai, Sista tana miƙa mata kaya, hannunta na yin aikinsa shi kaɗai ba tare da ita ba.

Washegari Minti Ashirin ya zo da kansa ba a kira shi ba, fuskarsa ba walwala. Ya ce tun da ya ji labarin, wani abu ke damunsa, ya koma ya sake duba sauye-sauyen nan ɗari da arba'in da uku. Da farko adadin kawai ya duba, wannan kuskurensa ne. Ya juya allon ya nuna wa Ƙaramar Likita. Ba ko ɗaya a jadawalinta, duka a na mahaifinta ne. Ba ko ɗaya da aka kai yamma, duka daga yamma aka kai su safiya. Kuma duka aikin inji ne ko na filaya. Ya ce mai son kai ba haka yake yi ba.

A ɗakin wanke kayan aiki Ƙaramar Likita ta samu Sista, tukunyar dafa ƙarafa tana huci a gefe.

"Anti, tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

Yarinyar ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce irin wannan rawar hannun sau da yawa akwai ƙwayar da ke kwantar da ita. Da an sani da wuri da an kai shi an duba, da an raba aikin a fili, ya riƙe abin da zai iya ya bar mata sauran, ya yi ritayarsa da mutuncinsa a lokacin da ya zaɓa. Yanzu kuwa dole ta rubuta rahoto da hannunta a kan ubanta, ga Doguwa ta kwana tana kuka tana ganin laifinta ne. Ta ce, "Na tambaye ki, Anti. A ofis na tambaye ki, kika ce min son kai ne." Sista ta ci gaba da goge filayar da ta riga ta bushe.

Likita bai zo ba sai ranar Asabar da rana, bayan an sallami mutane, ya zo kwashe littattafansa. Sista ta same shi a ɗakinsa yana sa su a kwali ɗaya bayan ɗaya. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba tun tana mai shara, ya amsa a taƙaice. Ta ɗauka zai yi faɗa, ko kuma, Allah ya yafe mata, a can ƙasan ranta ta ɗan sa ran zai ce ya gode. Ya ajiye littafin da ke hannunsa.

Ya ce kada ta ɗauka bai san hannunsa yana rawa ba. Shi ke shan shayi da shi, shi ke sa maɓallin riga da shi. Tun farkon abin ya yi wa kansa alƙawari, aiki ne zai zama alƙalinsa, ranar da ya ga aikinsa ya fara ɓaci ko da kaɗan ne, a ranar zai ajiye. Kullum yana dubawa, kowane ciko, kowane ɗinki, yana neman alamar. Shekara huɗu bai gani ba, har ya yarda cewa rawar ta gida ce, in ya zauna gaban kujera tana jin tsoronsa.

"Ashe ke kika tsaya tsakanina da alamar, Sista. Da kin bar ni na gani, da na sauka da ƙafata tun ban zubar da jinin kowa ba."

Ta ce, "Likita, ni rufa maka asiri na yi."

"Na sani," in ji shi. "Har ni kika rufe wa."

Ya ɗauki kwalin. Ta miƙa hannu za ta karɓa, ya kauce, ya sauka matakalar da shi yana jijjiga a ƙirjinsa. Sau biyu ta je gidansa bayan nan, duka biyun mai aikin gidan ta fito ta ce yana hutawa.

Ba a kore ta ba. Ƙaramar Likita ta ce ba za ta iya korar wadda ta goya ta ba, sai dai daga gaisuwa sai miƙo kaza, ba wata magana tsakaninsu. Aka shiga manhaja aka rufe shafin Likita, danna biyu aka yi, gurabensa duka suka koma toka-toka. Da ma korarta aka yi da ta samu wanda za ta ji haushi. Haka take zuwa kullum ta tsaya a hagun kujera, baƙin ciki ya cika mata ciki, ba ta da inda za ta kai shi.

Kwana goma bayan abin Malama ta zo cire zare. Ta rame, kuma surutun nan duk babu. Harshen ya haɗe, amma gefe ɗaya ba ta jin sa, Ƙaramar Likita ta ce wataƙila ya dawo cikin watanni, wataƙila kuma a'a. An ba wani malami ajinta, don yara ba sa gane abin da take faɗa, wasu ma dariya suke yi. Tana hawa kujera ta ga Sista, sai idonta ya kawo ruwa, ta kamo hannunta ta riƙe gam. Maganar tana fita da kyar, haruffan suna manne da juna, sai da Sista ta sunkuya sannan ta ji.

"Har kira na kika yi, na ƙi ji. Na faɗa wa maigidana, da Sista ce a ɗakin ranar, da haka ba ta same ni ba. Allah ya saka miki da alheri."

Ƙaramar Likita tana tsaye da almakashi a hannu, ba ta dubi kowa ba, tana jira. Sista ta zare hannunta a hankali, ta jawo fitila, ta ɗauki bututu.

"Buɗe bakin, Malama," ta ce.